Yadda Na Gyara Famfon Birar Baffa Umar

Tun da na sauka ban huta ba. Wanda ya zo karɓar dabino sai ya zauna, wanda ya zo shan zamzam sai ya miƙe ƙafa, tambayar kuma ɗaya ce: "Malam Nasiru, yaya ƙasar take?" Na ba da labarin a majalisarmu ta ƙofar shagon Tanimu tela, na ba da a ofishin malamai, na ba da a gidan surukaina, kuma na lura duk bayarwa sai na ƙara wa kaina gishiri. Shekaranjiya na ji bakina yana cewa wai mutanen Madina sun roƙe ni in zauna. Shi ya sa na ce bari in rubuta gaskiyar tun ban manta da ita ba.

Ga wanda bai san ni ba, malamin kimiyya ne ni a wata sakandare a Funtua, shekara ashirin da shida ina cin alli. Abokaina suna ce mini Injiniya, kuma asalin sunan ba abin alfahari ba ne: fankar masallacin unguwa ce ta tsaya, na doke ta da sandar mafici, ta tashi. Shi ke nan aikin injiniyancin da na taɓa yi.

Kakana Malam Isa ya tafi hajji a ƙasa, ya bar mahaifina yana goye. Bai dawo ba. Ya zauna a Madina, ya sake aure, ya haifi Umar. Mahaifina ya rasu bai taɓa ganin ƙanin nan nasa ba, sai 'yan shekarun nan wani alhaji ya haɗa mu ta waya. Da aka sa mu a zauren dangi na waya, matata Hadiza ce ta gabatar da ni, ta rubuta "Injiniya Nasiru" cikin zolaya. Baffa Umar ya ɗauka da gaske, ya yi ta sa albarka, yana cewa ashe gidan Malam Isa ya fitar da muhandis. Na ga saƙon. Na yi niyyar gyarawa, sai na ji daɗin kalmar, na ce sai gobe. Goben ce ba ta zo ba har Allah ya kira ni umara.

Daga Funtua zuwa Kano a motar haya na tafi, da jakar da Hadiza ta cika wa matar Baffa da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Tun kafin Malumfashi fasinjoji suka fara sauke gilashi suna kallon juna. Ni ma na sauke nawa, na kalli na kusa da ni da tuhuma.

A jirgi na sha fama da harami. Wanda bai taɓa ɗaura zane ba, aka ce ya ɗaura a banɗakin da ko juyawa ba a yi. Na fito riƙe da ƙugu, haka na sauka Jidda, hannu ɗaya a fasfo, ɗaya a mutuncina. A wurin duba takardu na'ura ta ƙi karanta yatsuna. Jami'in, wani saurayi baƙi mai kaki, ya danna mini hannu sau huɗu, ta ƙi. Layi ya yi tsawo a bayana. Na yi ƙasa da murya na ce, "Yau wannan yaro zai shanya ni a nan."

Bai ɗago ba ya ce, "Ba zan shanya ka ba, Baba. Shafa yatsan a goshi, ya bushe ne."

Na shafa, na'ura ta karanta. Na fara ba shi haƙuri da Larabcin Islamiyya, ya yi murmushi ya buga hatimi, ya ce kakarsa 'yar Katsina ce. Daga ranar na daina gulma da Hausa a ƙasar.

Makka ba zan tsaya ba da labarinta a nan ba. Na ga Ɗaki, na yi kuka, na manta duk addu'o'in da na haddace a hanya, na yi ta maimaita sunan mahaifina. Kwana huɗu na yi na hau jirgin ƙasa zuwa Madina. Da yake jirgin ƙasan da na sani shi ne na yarintata, sai na yi guzurin yini guda: burodi biyu, dafaffen ƙwai shida, gorar ruwa. Ina ɓare ƙwai na uku aka ce mun iso.

Ban nemi Baffa a tasha ba, domin kamar mahaifina na gani tsaye cikin farar jallabiya, da sanda, da irin ɗan karkata kan nan nasa idan yana jiran mutum. Na durƙusa zan gaishe shi irin namu, ya ɗago ni ya rungume, ya sumbace ni a kumatu dama da hagu, ya koma dama, ni kuma ina ta kai kai inda bai kamata ba har muka yi karo da hanci. Ya riƙe fuskata ya ce, "Ya waladi, ɗana, kai ne ɗan Yaya?"

Gidansa yana Harra ta Gabas, cikin wani lungu na tsofaffin gidaje. Shekararsa saba'in da takwas, ya yi ritaya daga aikin tuƙi. Hausarsa irin ta kakanni ce, sai ka ji kalmar da rabonka da ita tun kakarka na da rai, kafin ka gama murna ya ɗora mata Larabci uku. Matarsa Inna Asma'u gajeriya ce mai kaifin ido, iyayenta mutanen Damagaram ne. Da ta buɗe jakar daddawa ta shaƙa, ta rufe ido ta ce, "Yau gida ya zo." A raina na ce da mutanen motar Funtua za su ji.

Aka sauke ni a ɗakin baƙi, inda na'urar sanyi ke aiki kamar an yi mata laifi. Na kwana da hula da safa a ƙasar da aka ce mini zafinta na gasa ƙwai. Da safe aka kawo wata faffaɗar gurasa da dakakken wake da mai, suna ce masa ful, na ci ina tunanin ƙosai ne da bai samu mai soya shi ba. Tsire kuma suna da shi, sun ɗan lanƙwasa sunan, sun rage yajin yadda ɗan yaye zai iya ci. Gahawa ce ta ba ni wuya. Ɗan kofi kamar murfin kwalba, ana zuba maka kaɗan a gindinsa. Mu a gida idan ka shanye ka miƙa kofi, an gama. Su kuwa miƙawa na nufin ƙaro. Na sha tara, zuciyata na bugawa kamar injin niƙa, kafin Baffa ya tausaya ya nuna mini ana girgiza kofin ne.

Rana ta biyu, bayan mun dawo daga ziyara, Baffa ya kama hannuna ya rage murya.

"Ya muhandis, akwai abin da nake jiran ka a kansa tun watanni. Zo ka ga inda nake yin birata."

Na tsaya cak. Na ce, "Na'am, Baffa?"

"Bira. Ni nake haɗa abata a gida. Har famfo gare ta."

Innalillahi, bira ai giya ce. Ƙanin mahaifina, da furfura, a birnin Manzo, tafiyar 'yan mintoci daga Rauda. Ina bin sa a baya ina tsara wa'azi. Da muka kai ƙofar wani ɗan ɗakin ajiya kusa da kicin, na daure na ce, "Baffa, ku gafarce ni, yaro ba ya yi wa babba faɗa. Amma ƙofar tuba a buɗe take, kuma duk abin da mai yawansa ke bugarwa..."

Ya dube ni. Sai ya jingina da bango ya fara dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ƙwala kira, "Ya Asma'u! Ta'ali, zo ki ji, ɗan Yaya zai tubar da ni!"

Ashe a can ruwan sha'ir marar maye shi suke kira bira, har yara na saye a kanti. Baffa yana da ciwon sukari, likita ya raba shi da lemon kwalba, abin da ya fi so a duniya bayan iyalinsa. Shi ne ɗansa Majid, da ke aiki a Yanbu, ya haɗa masa wannan abin. Wani tsohon firji ne, a cikinsa tulunan ƙarfe biyu, ɗaya na ruwan sha'ir, ɗaya na zoɓo, duka ba sukari. A gefe ga doguwar tukunyar gas mai agogon awo biyu a ka. Tiyo ya taso daga tukunyar ya shiga ta wata huda a jikin firjin, ya rabu biyu zuwa tulunan. A ƙofar firjin kuma famfo biyu. Gas ɗin shi ke sa abin sha ya yi tsartsatsi a harshe, shi ne kuma ke turo shi waje. Baffa ya tara mini kofi. Wallahi zoɓo ne, amma zoɓon da ya yi karatu a waje.

Matsalar ita ce, tukunyar da a da take wata uku, yanzu kwana biyar take yi ta ƙare. Majid ya ce idan aka sake samun yoyo zai zo ya kwashe kayan gaba ɗaya, don ba zai bar tsofaffi biyu da gas na zuba a gida ba. Saboda haka Baffa ya ɓoye masa, yana ta kai tukunya ɗuri a asirce. Ga shi ranar Juma'a dangin mai neman autarsu za su zo cin abinci, Majid ma zai zo, kuma Baffa ya riga ya cika wa surukan baki da labarin famfonsa.

"Da na kira mai gyara," in ji shi, "amma na ce ina da muhandis a jinina, me zai sa in tona wa kaina asiri?"

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Na buɗe baki kuwa, abin da ya fito shi ne, "Ƙaramin aiki ne, Baffa."

Washegari Laraba, bayan karin kumallo, na sa sabuwar farar jallabiyar da Baffa ya ɗinka mini, na karɓi sifana, na shiga ɗakin. Da farko na durƙusa ina shinshina tiyo daga tushe har ƙarshe kamar karen farauta. Inna Asma'u ta zo wucewa da tire, ta tsaya.

"Me kake nema, ɗana?"

"Warin gas, Inna."

"Majid ya ce wannan ba irin na girki ba ne. Ba shi da wari."

Kabon dayoksaid. Shekara ashirin da shida ina rubuta wa yara a allo cewa ba shi da launi, ba shi da wari, ya fi iska nauyi. Na sha zane yaro a kan wannan jumla. Na miƙe na karkaɗe gwiwa na ce, "Haka ne, Inna, ina tabbatarwa ne."

Ta ce, "Allah ya tabbatar da alheri," ta wuce.

Sai na koma ga ilimin da na gada daga makanikan bakin tasha: duk abin da ke yoyo, a ɗaure shi. Na bi kowane noti na ƙara masa. Da na zo kan babban notin da ya haɗa agogo da tukunya, na sa ƙarfina duka, har da taka tukunyar da ƙafa. Na ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Na ce ya zauna ke nan. Daga nan na buɗe firji na ga wani noti a kan tulun zoɓo, na ce bari in kwance shi in ga cikinsa. Ban tsaya na tambayi kaina wane tiyo ne na gas, wane ne na ruwa ba.

Juyi biyu na yi. Zoɓo ya taso kamar an fasa bututun gwamnati, ya same ni a fuska, ya haye rufi, ya dawo mini a ka. Kafin in lalubo notin in mayar, farar jallabiya ta koma ta mahauci ranar Babbar Salla.

Abin da na yi bayan wannan shi ne wautar da ta fi duka. Kunya ta sa na jawo ƙofa na rufe, don kada a gan ni. Ɗakin ba taga. Na samu tsumma na durƙusa ina goge ƙasa. Ina jin wani siririn sauti, sss, daga kan tukunya, na ce bari in gama da zoɓo tukuna. Can na ji numfashina yana sauri kamar na yi gudu. Kaina ya fara sarawa, kunnuwana suka yi ɗumi. Na ce gahawa ce. Na yunƙura zan tashi, gwiwa ta ce ba da ita ba.

Ban san minti nawa na yi ba. Na dai ji an banko ƙofa, an cafki wuyan rigata ta baya, an ja ni a ƙasa har tsakar gida. Inna Asma'u ce, matar da ba ta kai kafaɗata ba. Ta ga jan ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, ta ɗauka jini ne. Ta ja numfashi ta koma ciki ta murɗe kan tukunyar ta rufe, ta buɗe duk ƙofofin gidan, sannan ta dawo tana yi mini fifita da murfin tukunya tana salati.

Baffa ya fito da gudun da ban san yana da shi ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya ɗora hannu a kan ƙirjina. Ya ce, "Da ka mutu a gidana, me zan ce wa Yaya ranar da za mu fara haɗuwa?"

Wannan maganar ce ta karya ni. Ina kwance cikin zoɓo na ce, "Baffa, ni ba injiniya ba ne. Malamin makaranta ne. Fanka ɗaya na taɓa gyarawa, ita ma duka na yi mata."

Inna ta ce, "Ai tun da na ga yadda ya riƙe sifana na sani."

Baffa ya ce, "Malami? To ai ubanmu ma malami ne. Me ya kai ka ga sata, kana da naka?" Ya share ido da gefen mayafinsa. "Khalas, ya wuce. Tashi ka yi wanka, mu je wurin Usman."

Usman mai faci ne a bakin babban titi, abin da suke kira banshar. Bahaushen Sudan ne daga Mai Wurno, dogo, mai magana a hankali kamar yana auna kowace kalma. Baffa ya gabatar da ni, "Ɗan yayana ne daga Najeriya, ustaz ne," ya tsaya a nan, na ji daɗin da ya tsaya. Usman ya saurari labarin bai yi dariya ba, wanda hakan ya fi dariyar ciwo. Shi ya kai tukunyar aka sake ɗura ta, ya ce zai zo gobe da hantsi.

Ya zo da abu uku: robar fesa ruwa, sabulun wanke kwanuka, da 'yar leda ta zobban roba. Kafin ya taɓa komai ya tokare ƙofa da kujera, ya kunna fanka tana hurawa waje. Ya kwance babban notin da na yi wa kokawa, ya zaro wani ɗan farin faifai da ya tsage biyu, ya ɗora mini a tafin hannu.

"Wannan naka ne, ya ustaz. Sabon rauni ne. Shi wannan a hankali yake so, kamar gaisuwar suruki." Ya sa sabo, ya ɗaure da hannu, ya ƙara ɗan kaɗan da sifana. "Yanzu mu nemi na asali. Iska ba a ganinta, amma ba ta iya ƙarya. Idan hanya ta yi tsawo, yanka ta gunduwa-gunduwa, ka tambayi kowace gunduwa ita kaɗai."

Ya rufe ɗan makunnin da ke ƙasan agogo, ya zama gas ba ya wucewa zuwa tiyo. Ya buɗe tukunya allurar agogo ta hau, ya sake rufewa. Ya manna 'yar takarda daidai inda allurar ta tsaya. Ya ce idan ta sauka, yoyon yana kan agogo. Idan ta tsaya, agogo ya kuɓuta. Muka tafi sallar azahar. Ina cikin sahu a Masallacin Annabi, Allah ya gafarta mini, zuciyata tana kan allura. Da muka dawo tana nan inda aka bar ta.

Sai ya cire tiyo daga kan tulunan biyu, ya buɗe makunni gas ya cika tiyo kaɗai, ya sake rufe tukunya. Wannan karon ba mu je ko'ina ba. Kafin Baffa ya gama kofin shayi allura ta sunkuya.

"To, tuluna ma ba ruwansu," in ji Usman. "Ɓarawon yana kan hanya." Ya miƙo mini robar ruwan sabulu. "Kai za ka kama shi. Fesa duk mahaɗa, ka jira. Kada ka yi sauri, ƙaramin yoyo kunya gare shi."

Na bi tiyo ina fesawa. Bakin agogo, shiru. Inda ya shiga firji, shiru. Na sa kai cikin firjin, na miƙa hannu bayan tulunan, inda tiyo ya rabu biyu, na fesa. Na ƙirga goma. Sai ga wani ɗan kumfa ya kumbura a gefen zoben ƙarfen da ke matse bakin tiyo, ya fashe, wani ya biyo, wani ya biyo, har suka taru kamar ƙwan kwaɗo. Na yi ihu, "Ga shi! Ga shi nan!" Rabon da in yi murna irin wannan tun haihuwar ɗana na fari.

Usman ya leƙa ya ce zoben ya saki, bakin tiyon ma ya ɗan tsage. "Amma wannan ba ya saki da kansa. Wani abu ke jan sa kullum." Ya tura dogon hannunsa can ƙurya, ya lalubo, ya jawo. Tiyo ya biyo hannunsa ya miƙe. Abin da ya fito da shi gwangwani ne na halawar riɗi, babba, da cokali a ciki.

Muka juya muka dubi Baffa. Baffa ya dubi rufi, inda zoɓona bai gama bushewa ba.

"Cokali ɗaya ne," in ji shi. "Bayan la'asar. Wani lokaci biyu."

Ashe duk ranar da ya jawo gwangwanin sai ya ja tiyo, ya mayar ya sake tura shi. Wata da watanni yana kai tukunya ɗuri, yana zargin masu ɗurin da ha'inci, alhali ɓarawon yana sanye da jallabiyarsa. Usman ya yanke bakin tiyon da ya tsage, ya sa sabon zobe, muka fesa, shiru. Muka mayar da tuluna, ya sa na fesa murafansu da bakunansu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a bar tukunya a rufe har la'asar a ga allura, kuma daga yau kada a ƙara rufe ƙofar ɗakin nan da mutum a ciki. Da zai tafi ya wanke hannu ya ce shi faci ya sani, bai ga gwangwani ba.

Ya rage ni da Baffa. Ya kama hannuna.

"Ya waladi, gobe a gaban baƙi ba wanda zai ji labarin zoɓo. Kai ma ba ka ga halawa ba. Mun yi?"

Na ce mun yi. Allura kuma ba ta motsa ba har la'asar.

Ranar Juma'a gida ya cika. Aka baza shinkafa da rago a faranti ɗaya, aka ci, sannan Baffa ya ja surukai zuwa famfonsa kamar mai nuna sabon doki. Kofi ya cika da kumfa, baƙi suna ta mashallah. Majid, wanda ke jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa, ya duba agogo, ya ga sabon zobe, ya tambayi wa ya taɓa. Baffa ya ce ɗan yoyo ne aka samu, ɗan'uwanka ne ya gano shi da hannunsa. Ba ƙarya a ciki, sai dai an yi wa gaskiyar kaciya. Majid ya rungume ni. Na karɓi yabon ina kallon ƙasa, suka ɗauka tawali'u ne.

Amma abin bai bar ni na sake ba. Kwana uku ina juya shi. Na yi alkawari, gaskiya ne. To amma ciwon sukari ne ya ci ƙafar mahaifina kafin ya ɗauke shi, a gabana. Baffa ɗaya ya rage mini, kuma jiya-jiya na same shi. Ranar da zan tafi, da safe, Baffa yana wanka, na sami Inna a kicin tana ɗaure mini dabinon Khaibar a kwali. Na tsuguna a bakin ƙofa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Inna, akwai amanar da zan ci, don ina ganin cin ta ya fi riƙe ta. A bayan tulunan nan..."

"Halawa," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Ta ci gaba da ɗaure kwalin.

"Tun azumin bara take can. Duk Asabar nakan kwashe rabi in ba maƙwabta, shi yana tsammani shi ya cinye, sai ya tsorata ya rage. Likitansa ma ya sani, mun daidaita a kan cokali ɗaya." Ta ja igiya ta ƙulle. "In na hana shi wannan, zai je ya ci a waje inda ba na gani. Namiji in ya tsufa, ka bar masa sirri ɗaya ya riƙe, in ba haka ba sai ya ji ya mutu tun da rai. Abin da ban sani ba shi ne ita ke shanye gas ɗin. Da na sani da na matsar masa da ita tuntuni, da ba ka sha jan ƙasa ba." Sai ta juyo ta dube ni. "Amma ka kyauta da ka faɗa. Yanzu na yarda ɗanmu ne kai. Kada ka gaya masa na sani."

Haka na fito daga gidan ɗauke da sirri biyu masu karo da juna, ni da ko ɗaya ban iya riƙewa ba.

Majid ne ya tuƙa mu zuwa filin jirgi. Baffa ya zauna a baya kusa da ni, duk hanya hannuna yana cikin nasa. Da muka sauka, ya jira Majid ya tafi neman amalanken kaya, sai ya zaro wani abu daga ƙarƙashin mayafinsa, naɗe a leda, ya cusa cikin babbar jakata.

"Fitar da ita daga ƙasar," ya ce. "Na tuba. Na ga yadda ka kwanta a tsakar gidan nan saboda ita. Ka kai wa jikokina, ka ce daga kakansu na Madina."

Muka rungume juna. Wannan karon ban yi kuskuren kumatu ba. Na shige ina waiwaye, yana tsaye da sandarsa har aka tare tsakaninmu.

Sai da na iso Funtua, baƙi suka ragu, na tara yara na ce ga tsarabar kakanku. Hadiza ta kawo faranti da wuƙa, autarmu ta kawo cokula shida. Na kwance leda, na buɗe murfi.

Gwangwanin an sharce shi tas har yana ƙyalli. Abin da ya rage a gindinsa cokali ɗaya ne, an tattara shi a tsakiya da kyau, an gyara gefensa. Tsohon sai da ya yi bankwana da ita kafin ya tuba.

Yara suka dube ni. Na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma hawayen suka ƙi tsayawa. Hadiza ta karɓi wuƙa ta raba cokali ɗayan nan gida shida, kowa ya lasa.